Ƙofa da Ƙofa a Kwana ta Huɗu

Ni ne mai riƙe tuta a kwana ta huɗu, a filin tseren motoci na ƙungiyarmu da ke bayan gonakin kwakwar manja a hanyar garin Kluang. Sunana Shukor. Ranakun aiki wayarin lantarki nake yi wa mutane a gidaje, Asabar da Lahadi kuwa ina tsaye bayan tarin tayoyi da tutoci a hannu. Kwanar tawa ta dama ce, kuma tana zuwa ne a ƙarshen wata miƙaƙƙiyar gangara, don haka duk wanda zai yi wauta a filin nan yawanci a gabana yake yin ta.

Cikgu Rohaya da motar ɗanta ta fara zuwa. Yaron ya sayi wata tsohuwar ƙaramar mota, ya cire kujerun baya, ya sa aka yi mata kejin ƙarfe a ciki, sai kuma ya samu aiki a Singapore. Ya bar motar a ƙofar gidan uwarsa, yana bugo waya yana cewa a riƙa ɗumama ta. Ita kuwa ta gaji da ɗumama mota a tsaye. Ta haura shekara hamsin, kuma rabin masu lasin a garinmu ita ta koya musu tuƙi, shi ya sa babba da yaro ba mai kiran sunanta sai ya haɗa da Cikgu, wato malama.

A ranakun da ake buɗe fili kowa ya zaga shi kaɗai ana duba masa agogo, ta ba mu mamaki. Hannunta a natse yake, ba ta fizgar sitiyari, ba ta dukan birki. Kafin damina ta wuce ta fi samari da yawa sauri. Sai aka ce mata ta shiga tseren sababbin hannu, inda ake sakin motoci goma sha wani abu gaba ɗaya. Ta ce to.

Ranar tseren, saurinta ya ba ta wuri a layi na biyu. Aka sake su. Kafin su iso kwanata ta koma tsakiya, a zagaye na gaba kuwa tana kusa da ƙarshe. Ba motar ce ta gaza ba. Duk wanda ya nuno hanci a madubinta sai ta ɗaga ƙafa daga totur ta ba shi hanya. Da idona na ga ta ɗaga hannu tana yafito wani yaro ya wuce.

Mutum ɗaya ne ya rage a bayanta, Tauke Seng, mai shagon na'urorin sanyaya ɗaki a bakin kasuwa, wani gajere mai tumbi da gajen haƙuri. Tauke muke ce wa mai shago. Shi ma tserensa na farko ke nan, kuma motarsa ta mutu a wurin tashi, don haka ya taho a fusace. Tun daga saman gangara na ga abin da ke ransa. Yana can nesa, amma ya ƙi taka birki, ya cusa kai ta ciki. Ita kuma da ta hango shi sai ta rage gudu ta koma ciki don ta bar masa layi mai kyau. Wurin da ta matsa, nan ya nufa. Ya daki ƙofarta ta baya, ya juya sau ɗaya, ya faɗa cikin tsakuwa, lagireto na tsiyayar da ruwa. Na kaɗa tutar ruwan ɗorawa har kafaɗata ta yi tsami.

Ba wanda ya ji ciwo. Da aka tsayar da tseren Tauke Seng ya fito ya cire hular kwano ya buga ta a kan rufin motarsa.

"Cikgu! Wa ya aike ki? Wa ya ce ki ba ni hanya?"

"Na ga kana sauri ne, Tauke."

"Kowa ma sauri yake yi! Shi ya kawo mu!"

"To ai da ka yi haƙuri ka ga inda zan bi."

"Ke kanki kin san inda za ki bi?"

Ta zagaya ta duba ƙofar da ta lotsa, ta shafa ta da tafin hannu.

Wanda ke kula da sababbin hannu a ƙungiyarmu shi ne Thevan, makanike ne, ya taɓa yin tsere sosai kafin ya yi iyali. Ya kira ni ya tambaye ni abin da na gani. Na ce laifin na su biyu ne: ita ta bar layinta, shi kuma ya shigo daga inda ba mai hankalin da zai shigo. Thevan ya tara su a rumfar gyaran motoci ya ce ba wanda zai sake shiga tsere a cikinsu sai sun yi horon jerawa, kuma tare za su yi.

"Da ita?" in ji Tauke Seng.

"Da ita. Ko kuma ka koma zagayen agogo kai kaɗai, can ba mai ba ka hanya."

Cikgu Rohaya ta dube shi ta saman tabarau. "Thevan, ba kai ne na sauke a shataletalen asibiti ka koma gida a ƙafa ba?"

"Ni ne, Cikgu. Har yau in na bi ta wurin sai gabana ya faɗi. Asabar da safe, kar ki makara."

Horon jerawa ba shi da wani sirri. Motoci biyu ne za su zaga filin a jere, ƙofa da ƙofa, ba mai wuce wani, a miƙe da cikin kwana. In an gama zagaye sai a sauya gefe. A hankali ake farawa, sannan a riƙa ƙara wuta.

Asabar ta farko, Thevan ya sa kujera a motarta ya zauna. Daga inda nake tsaye na ga suna gangarowa kamar masu rakiyar gawa, amma duk da haka da Tauke Seng ya ɗan matso sai ta kauce, ta kauce, har tayoyinta biyu suka hau ciyawa. Suka tsaya a gabana.

"Cikgu, me kike kallo?" in ji Thevan.

"Motarsa."

"Motarsa ba ta buƙatar idonki. Kalli inda kike so ki fita. Shi kuma ki bar shi a wutsiyar ido, kin san yana nan, ya isa."

"Tazarar ta yi kaɗan."

"Tazarar nan keke zai wuce. Saurara, Cikgu. Mai son wucewa, aikinsa ne ya nemi hanya. Ke aikinki ki tsaya inda ya zata za ki tsaya. In ya riga ya jera da ke, ki bar masa faɗin mota ɗaya, ba biyu ba, ba filin duka ba. Kuma don Allah kar ki ɗaga ƙafa a tsakiyar kwana, ni ba ni da birki a gefena kamar a motar makarantarki."

Tauke Seng ya yi dariya daga cikin motarsa. Thevan ya juya.

"Kai kuma Tauke, jerawa na ce. Me ya sa kullum hancinka ke gaba? Kaya za ka kai wa wani?"

"Ita ce ba ta tafiya!"

"To ka jira ta. In ba ka iya zama a gefen mutum ba, ba ka iya wuce shi ba."

Haka suka yi ta yi, Asabar bayan Asabar. Ita tana koyon kada ta gudu, shi yana koyon kada ya danne. Idan yana ciki sai ya manta akwai mutum a waje, ya buɗe wuta ya tura ta bakin kwalta. Idan ita ce a ciki sai ta manne da gefen kwana har ta hau dakali. Da rana ta yi zafi sukan zauna a rumfa. Ita takan zo da nasi lemak, wato shinkafar kwakwa da yaji, a ƙunshe cikin ganyen ayaba, shi kuma yakan ce ya riga ya ci abinci, sannan ya cinye rabin nata yana ƙorafin yaji.

Wata Asabar, lokacin Thevan ya daina shiga motarta, suka gangaro da gudun gaske. Tana waje, yana ciki. A tsakiyar kwana na ji wani ƙas, madubinsa ya taɓa nata ya naɗe shi. Na ɗaga tuta ina jira. Injinta bai sauya murya ba. Suka fita tare, suka nufi kwana ta biyar a jere.

Da suka gama ta tako a ƙafa har wurina, ta zauna a kan taya. Na zuba mata shayi daga fulas ɗina. Abang take kirana, wato yaya.

"Abang Shukor, ka san shekara nawa ina zaune kusa da yaran mutane ina jiran su yi kuskure? Ƙafar nan tana isa birki kafin ni in san na tsorata. Yau sai da na ce mata zauna, da ƙarfi, ni kaɗai a cikin mota."

"Ta kuwa zauna."

"Ta zauna. Amma ban ji daɗi ba." Ta kurɓi shayin. "Wataƙila na ɗan ji."

Thevan ya sa musu hannu su shiga tseren watan da ya biyo baya. Ranar an yi ruwa da asuba, amma kafin a sake su kwalta ta bushe, sai tururi ke tashi. Ta tashi daga tsakiya, Tauke Seng yana bayanta da mota ɗaya. A zagayen farko wani yaro ya nuno mata hanci a kwanata. Ba ta motsa daga layinta ba. Yaron ya ga ba ƙofa, ya koma baya. Na ji kaina ina cewa yauwa, alhali mai tuta ba ya goyon bayan kowa.

Can Tauke Seng ya iso ta. Bai cusa kai daga nesa ba. Ya bi ta zagaye guda yana manne da bambarta, sannan a saman gangara ya fito ya jera da ita kafin wurin birki. Ta bar masa faɗin mota, ba ta ƙara ko taki ba. Suka shiga tare suka fita tare. Kwana ta biyar ta hagu ce, don haka ita ta koma ciki, ta karɓe wurinta. Zagaye na gaba ya sake, ta sake. Mutanen da ke kan tudu suka bar kallon na gaba suka dawo kallonsu.

Sai dai mota biyu a jere ba su da saurin mota ɗaya. A bayansu akwai Dokta Prakash, likitan haƙori, wanda motarsa ta fi ta kowa nauyin jiki, har ana tsokanarsa cewa a tafe yake duba marasa lafiya. Yana nan yana bin su a hankali yana kallo. Ana saura kaɗan a tashi, su biyun suka ja birki a makare a kwanata, kowa ya ƙi saki, suka yi faɗi tare har bakin tsakuwa. Dokta ya bi ta ciki salin-alin ya wuce su duka. Ko waiwaye bai yi ba.

A zagayen ƙarshe Tauke Seng ya samu fita mai kyau daga kwanar ƙarshe, ya riga ta tsallake layi da tsawon hancin mota. Shi na bakwai, ita ta takwas.

Ina naɗe tutoci sai na gan su tafe a kan kwalta da ƙafa, ita a gaba da hular kwano a hannu, Thevan da Tauke Seng a baya. Ban taɓa ganin ranta a ɓace haka ba, ko ranar da aka lotsa mata ƙofa.

"Kai ka jawo Dokta ya wuce mu," take cewa. "Ka ga ba za ka iya tsayawa ba, me ya hana ka saki?"

"Ni? Ke me ya hana ki saki?"

"Ni ce a gaba!"

"A gaba ina? Tambayi Shukor!"

Na ce ni tuta nake riƙewa, ba shari'a ba.

"Abang Shukor, kar ka yi min haka. A ina na taka birki?"

Na nuna mata wurin, ɗan gaba da allon ƙarshe mai nuna wurin birki. Ta je ta tsuguna tana duban baƙin sawun taya a kan kwalta. Sawu biyu ne a jere, ɗaya ya fi tsawo.

"Wannan naka ne," in ji ta.

"Naki ne. Tayoyina sun fi waɗannan faɗi."

Thevan ya sa ƙafa ya gwada faɗin sawun, ya dube ta. "Naki ne, Cikgu. Kin danne birki har tayar gaba ta kafe. Da kin taka tun a allon, ki bar shi ya wuce shi kaɗai ya yi faɗi, da kin yanko ta ciki kin fita gabansa, Dokta kuma bai samu ƙofa ba."

"Wato akwai lokacin da ake bari."

"Akwai. Amma don ki karɓe a fita."

Ta miƙe ta kakkaɓe gwiwa, ta ɗan jima tana kallon gangarar. Sannan ta ce su hau sama su sake takowa tun daga farko, tana so ta ga wurin sosai. Tauke Seng ya ce shi ba zai hau tudu a wannan ranar ba, yunwa yake ji. Ya tsaya ya ga sun yi nisa, ya yi tsaki, ya bi bayansu yana haki. Ni kuma na ɗaure tutocina a bayan babur na tafi rumfa neman ruwan sanyi.