Sawun da Halliru Ya Rufe

"Kowa ya ja baya! Kada a taka wajen nan!"

Halliru tela ne ke faɗin haka, yana tsugune a bayan gidan maƙwabcinsa Malam Isyaku, ya dafe wani kwanon sha da ya kifa a ƙasa. A nan bakin turke aka tsinci Malam da safe, an rotsa masa kai, ragunansa kuwa babu ko ɗaya. 'Yan sanda sun zo sun ɗauki hoto, sun tafi da gawar asibiti yadda suka same ta, har da takalman da ke ƙafarsa, suka ce za su dawo. Bayan tafiyarsu ne Halliru ya hangi sawun ƙafa guda a lakar da ruwan shan dabbobi ya jiƙa, ya yi maza ya rufe.

Shekara da shekaru katanga ɗaya ce tsakaninsu, kuma mutuwar ta daki Halliru sosai. Sai dai bai iya kuka a gaban jama'a ba, don haka baƙin cikin ya sauko masa a baki. Dama shi tunda yake ba a taɓa jin ya ce bai sani ba.

Ya ɗaga kwanon, maza suka kewaye shi.

"Ku duba da kyau. Gaban ƙafa ya nutse, dunduniya ko alama babu. Mai gudu kaɗai ke taka ƙasa haka. Ku dubi zurfinsa kuma, mai jiki ne."

"Na gani a waya," in ji Lukman mai caji, "siminti suke zubawa a ciki, sai ƙafar mutum ta fito sak."

"Ƙafar hagu ce," in ji Halliru. "Takalmin roba, mai zanen igiya."

Rabin mazan Wudil irin wannan takalmin suke saye a kasuwar Juma'a, amma ranar babu wanda ya tuna. Abin da aka tuna shi ne Tasi'u, dillalin dabbobi a kara, ƙato ne, kuma kwanan baya an ji su suna sa-in-sa da Malam a kan ragunan nan. A daidai lokacin da ake duba sawun ma, Tasi'u yana ƙofar gidan kan tabarmar gaisuwa, carbi a hannu. Daga can samari suka taso shi.

Aka zare masa takalmin hagu. Halliru ya riƙe shi a gefen sawun, ya gwada da taƙinsa kamar zai yanka yadi. Ya yi daidai. Wani ya yi salati, wani ya zaro sanda daga dannin turke.

"Halliru, har da kai?" in ji Tasi'u. "Wallahi faɗanmu na ciniki ne. Ku jira hukuma mana!"

Halliru bai yi zaton maganar za ta kai nan ba, amma ta riga ta fi ƙarfinsa.

Ƙofar baya ta buɗe. Ikilima ce, matar mamacin, idanunta sun kumbura. Maza suka sunkuyar da kai.

"Me ake yi a bayan gidan nan, ga mamaci ko wanka ba a yi masa ba?"

"Innar Zainabu, koma ciki," in ji Halliru. "Sawun wanda ya yi aikin muka samu."

Ba ta koma ba. Ta ƙaraso ta durƙusa, ta daɗe tana kallon lakar, sai hawaye suka zubo mata.

"Na Malam ne."

"Ki dai duba, mai wannan sawun gudu yake yi."

"Ba gudu yake ba. Faso ne ya tsaga masa dunduniyar hagu, tun bayan Sallah ba ya iya taka ta. Ni nake shafa masa man kaɗe. Zurfin kuwa, bokitin ruwa ne a hannunsa, da kaina na cika masa."

Mai sandar ya jingina ta da katanga a hankali, na baya suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta rufe Halliru. Ya miƙa wa Tasi'u takalmin da hannu biyu.

"Don Allah, Tasi'u..."

Tasi'u bai karɓa ba, bai ma dube shi ba. Ya rusuna a gaban Ikilima.

"Allah Ya jiƙan Malam, Ya ba ki haƙuri."

"Amin. Ka yafe mana."

Ya miƙe ya bi lungu, bai nufi tabarmar gaisuwa ba. Halliru na tsaye da takalmin a hannu, yana kallonsa yana tafiya, ƙafa ɗaya da takalmi ɗaya babu, har ya sha kwana.