Ranar da Na Wuce Baba Lado a Kan Keke

Koci Zulkifilu gani yake gata ya yi mini. Shi ne mai horar da ƙungiyarmu ta masu tseren keke a Zariya, kuma gurbi ɗaya ya rage masa cikin mutum huɗun da zai kai gasar Kaduna. Ya ce in har ina son gurbin nan, in zagaye masa kilomita casa'in cikin awa huɗu. Daga Makarfi in yi Kudan, in yanke ta ƙauyuka in faɗa ƙasar Ikara ta wajen Janfalan, in dawo in same shi a bakin kasuwar Makarfi kafin sha ɗaya ta cika. Waya na aljihuna tana zana duk inda na bi, balle in yi yanke.

"Ai gida na ba ka, Safiyanu," in ji shi. "Ka san kowane rami."

Ramuka kam na san su. Abin da shi ɗan birni bai sani ba shi ne kusa da kowane rami akwai dattijo zaune, kuma a wajenmu ba a wuce babba a kan keke. Sauka ake yi, a jingine keken, a durƙusa a gaishe shi har sai ya sallame ka. Shekara uku ina bin gurbin nan, shekarata ashirin da tara, in ya kuɓuce mini bana to ya kuɓuce ke nan. Na yi zaton in na sa hular kwano da baƙin gilashi ba wanda zai gane ni. Ashe Inna ta riga ta gama da ni. Tun ranar Laraba take kiran dangi ɗaya bayan ɗaya tana shaida musu cewa Safiyanu zai biyo ta garinsu ranar Asabar, wai kada su ji a bakin wani.

Ƙarfe bakwai daidai Koci ya daki sirdina na tashi. Farkon tafiyar har daɗi na ji. Damina ta ja baya, raɓa ba ta gama bushewa a gonakin rake ba, ƙafafuna kuma kamar ba nawa ba don sauƙi. Ina shiga Nasarawan Doya na hango Kawu Mamuda, yayan Inna, ya fito da tabarma har bakin hanya, shi da abokansa biyar. Na taka birki, na sauka.

"Kawu, ina kwana?"

"Lafiya lau, Safiyanu. Ka tashi lafiya? Ya mutan gidan? Ya jikin Innar taka? Ya gajiya? Ya muka ji da ƙarshen ruwa?"

Na amsa duka, na bi abokansa biyar ɗin nan ɗaya ɗaya, kowa da nasa jerin. Ina shirin miƙewa Kawu ya ƙare wa wandon tserena kallo, ya ce, "To shi wannan, tela ne ya gudu da sauran yadin?" Suka yi ta dariya. Sannan ya ce a yi mini addu'a, kuma Kawu ba ya gajeruwar addu'a. Sai da ya roƙa wa gero da masara da shugabanni da matattu, sannan ya tuna da ni. Da na hau keken na duba agogo, minti tara sun tafi. Na ciji leɓe na dinga taka feda kamar ita ta yi mini laifin.

A Kudan Gwaggo Zulai ce ta tare ni, ita har tsakiyar hanya ta fito da mayafinta. Ta rantse ba zan wuce ba sai na sha fura. Na kurɓa sau biyu na ajiye, ta ce raina ta na yi, na ɗauka na shanye. Duk wanda ya taɓa hawan tudu da kwanon fura a ciki ya san abin da ta yi mini. Ba ta tsaya nan ba, ta kawo ƙullin daddawa da curin mazarƙwaila biyu, wai in kai wa Inna.

"Gwaggo, keken nan ba shi da kariyar ɗora kaya."

"To kai ba ka da riga?"

Haka na cusa su a cikin riga ta baya. Mazarƙwaila na dukan ƙashin bayana, daddawa na bin hancina, rana ta fara zafi. Mun daɗe muna saye-sayen ƙarfe mara nauyi a ƙungiya, har sukurori muke aunawa, ga ni nan da saƙon miya.

Daga nan hanya ta zama ta ƙasa, ita ce wadda na fi tsoro tun farko. Jar ƙasa ce da ruwa ya zaizaye, ta hau tudu ta sauka kwari, duwatsu a gefe da gefe. A wani rafi sai da na saɓa keken a kafaɗa na tsallaka, laka har ƙauri. Ina fita na tarar da garken shanu ya cike hanyar, suna tafe abinsu kamar masu rakiyar gawa. Makiyayin dattijo ne, ya san mahaifina tun yana kai masa taki gona, don haka nan ma sai da na durƙusa. Ban ƙirga sauran ba. Wani limami, wani surukin yayata, wata tsohuwa da ta ce ita ta yi wa Inna wankan jego da aka haife ni. Kowa da gaskiyarsa, kuma ba wanda ya riƙe ni fiye da minti uku ko huɗu. Haushin da nake ji ma na rasa wanda zan ɗora wa, sai na dinga zagin Koci a zuci, in gaji in koma kan wandon.

Lokacin da na shiga ƙasar Ikara na yi lissafi, gaisuwa kaɗai ta cinye mini minti talatin da ɗaya. Saura kilomita ashirin da shida, saura minti hamsin da biyar. In ban ƙara tsayawa ba ko sau ɗaya, zan iya kai wa da ƙyar. Kuma na san wanda ke gabana.

Baba Lado mai gyaran keke ne a wani ƙauye gaba da Janfalan, aminin mahaifina. Da mahaifina ya rasu, a rumfarsa na yi shekara shida. Shi ya koya mini faci da ɗaurin sifok, wayoyin nan na cikin taya, shi ya haɗa mini kekena na farko daga tarkacen da mutane suka watsar. Yanzu idonsa ya yi rauni, da hannu da kunne yake aiki. Rumfar tasa kuma tana daidai ƙasan gangara, inda tudu mafi tsawo a duk zagayen yake farawa. Wanda ya sauko da gudunsa zai ci rabin tudun kyauta. Wanda ya tsaya a nan sai dai ya tura.

Tun daga saman gangarar na hango shi. Ba a zaune yake ba, yana tsaye a bakin hanya da farar hularsa, ya karkata kai yana saurare. Yatsuna biyu suna kan birki. Na ce a raina zan dawo da yamma in ba shi haƙuri, ai Baba Lado ne, shi ya fi kowa sanin keke. Na ɗauke yatsun.

"Safiyanu!" ya kira, ya ɗaga hannu. "Kai, Safiyanu, tsaya!"

Na sunkuyar da kai na wuce shi kamar iska. Ko sallama ban yi ba, don numfashin ma ina tattalinsa. Na ci tudun nan, na ci na bayansa, ban ƙara ganin fuskar kowa ba har Makarfi. Wasu sun ɗaga hannu, ban san su wane ne ba.

Sha ɗaya saura minti uku na zube a gaban Koci. Ya duba wayata, ya duba agogonsa, ya ce, "Ka gani? Na ce maka gida daɗi gare shi." Ya rubuta sunana a takardarsa. Na jira in ji murnar da na yi shekara uku ina jira, sai na ji warin daddawa kawai.

Bayan la'asar na sa doguwar riga na koma. Tun daga saman gangarar na sauka, na turo keken har rumfar. Baba Lado na jin takuna ya miƙe tsaye. Tunda nake bai taɓa miƙe mini ba.

"Sannu da zuwa, malam," ya ce.

Na durƙusa. "Baba, ni ne, Safiyanu. Na zo ne in..."

"Na sani. Kawo keken."

Ya tsuguna, ya juya feda da hannu a hankali yana bin sarƙar da yatsa, har ya tsaya a wuri ɗaya. Ya kamo hannuna ya ɗora a wajen. Gaɓa ɗaya ta buɗe, saura ƙiris ta rabu.

"Tun kana saman gangara na ji kukanta," ya ce. "Shi ya sa na kira ka. Na san sauri kake, Innarka ta gaya mini awa huɗu aka ba ka. Tun safe na fito da sabuwar gaɓa na riƙe ta a hannu, ko da za a buƙata. Da minti ɗaya ya ishe ni."

Ya cire gaɓar ya sa sabuwa, ya ɗiga mai, ya sake juya fedar yana saurare har sai da ya gamsu. Bai tambaye ni Inna ba, bai tambaye ni gajiya ba, bai tambayi ko na samu gurbin ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya miƙo mini kan keken.

"Shi ke nan, malam, za ta kai ka Kaduna. In ka ƙara biyowa ta nan ba sai ka sauka ba."

Ya koma kan bencinsa ya jawo wata tsohuwar taya. Na daɗe a durƙushe ko zai ƙara magana, bai ƙara ba. Na kama keken na tura shi har na fita garin, na tura shi har saman tudun, ban iya hawa ba.