Sawun Ya'u

Jirgin ruwan da Ya'u yake yi wa girki ya daɗe tsaye a gaban Jidda, maƙare da alkama da magani. Jira ake sauran jiragen kaya su taru, sannan jiragen yaƙi su raka su kudu, inda ake harbo jirage daga tudu. Ga garin da aka haife shi yana hange ta tagar kicin, amma ba shi da ikon taka shi. Tun da aka kama shi babu iƙama, wato takardar izinin zama, aka kore shi, an ɗauki hoton yatsunsa, an haramta masa dawowa. Abin yana cin ransa ƙwarai.

Uwarsa, Inna Shatu, tana nan Jidda a unguwar Madain Fahd, ƙafa ta fara ƙi. Akwai wata al'ada da ta gada: in ɗanta zai yi tafiya, sai ta ɗebi ƙasar da ya taka ta adana, wai ƙafa ba ta ƙin komawa inda sawunta yake. Shi kuwa Ya'u a titi aka cafke shi, ba ta samu ta ɗiba ba. A ganinta abin da ya hana shi dawowa ke nan. Zancen yatsu bai dame ta ba.

Ran nan sai ga Thamer, tsohon maƙwabcinsu mai kawo wa jirage cefane a kwalekwale, ya miƙo masa kwano cike da ƙasa.

"Inna ta sa an kai ta unguwar Karantina, inda aka rushe gidanku, ta ɗebo da hannunta," in ji Thamer. "Yalla, taka in mayar mata."

Abokan aiki na tsaye suna kallo. Ƙato kamarsa da gemu ya tuɓe takalmi ya tsoma ƙafa a kwano? Kunya ta kama Ya'u, ya ce, "Ka dawo gobe." Sai da ya kulle kicin sannan ya taka, hawaye na zuba.

Kashegari ayari ya cika. Jiragen yaƙi suka kewaye su, aka yi shela cewa duk kwalekwalen da ya matso za a buɗe masa wuta. Ya'u ya hango Thamer can nesa. Thamer ya ɗaga hannu biyu, ya juya kwalekwalensa. Kyaftin kuma ya ce a tattara wayoyi kafin a tashi.

Kafin a iso kansa Ya'u ya kira Inna.

"Ya waladi, ɗana, ka taka?"

"Na taka, Inna."

"Halas. To, za ka dawo."

Ya kasa gaya mata kwanon yana nan wurinsa. Ya miƙa wayar, ya koma kicin, ya cusa kwanon tsakanin tukwane biyu kada ya motsa. Injin ya tashi, jirgi ya ɗauki rawa. Yana tsaye yana kallo ƙasar ta fara zamewa, yatsun sawun suka cike, sai dunduniyar.