Ta Bakwai

Tun kafin ɗalibar ta buɗe jakarta tsohuwar ta fara ba da amsa. Shekarun ɗanta talatin da takwas. Kafinta ne. Ciwon ya same shi shekara tara da suka wuce, bayan gobarar da ta cinye shagonsa. Ba ya shan komai, ko taba. Matarsa ta kwashe yara biyu ta koma gidansu. Yana cin abinci, yana barci in ya ga dama, kuma sau ɗaya tak ya taɓa ɗaga wa uwarsa hannu, shi ma ba a hayyacinsa ba.

Ɗalibar ta dubi takardar da ke kan cinyarta. Amsoshin a jere suke zuwa, daidai da tambayoyin, har da ta goma sha huɗu da ke bayan shafi.

"Rubuta mana, 'yar nan," in ji tsohuwar. "Ko na yi miki sauri? Ke ce ta bakwai. Ta huɗu ma haka take, kafin ta gama layi ɗaya na gama wanki."

Ɗaki ne da ɗan lungu, a ƙarshen jerin ɗakunan haya. A lungun aka kafa zoben ƙarfe cikin siminti, aka ɗaura masa sarƙa mai tsawon taku huɗu: tana kai wa ga katifa, tana kai wa ga bokiti, ba ta kai wa ga ƙofa. Ɗaya bakin sarƙar yana ƙafar Kafinta ta dama, an naɗe wurin da tsumma. Bai dubi baƙuwar ba. Kujerar katakon da take zaune a kai ya zuba wa ido, can ya ce ta yi hankali da ƙafar baya ta hagu, tana son gam. Shi ya ƙera ta, in ji tsohuwar, ita kaɗai ta tsira daga wutar saboda a gida take.

Ɗalibar tana shekarar ƙarshe ta digiri na biyu a fannin walwalar jama'a, an turo ta ofishin walwala na gunduma ta yi wata shida na sanin makamar aiki. Fayil goma sha ɗaya aka danƙa mata, na Kafinta ne mafi sauƙin ganewa. Asibitin masu taɓin hankali yana da ayarin ma'aikata da ke bin gidaje sau ɗaya a wata suna yin allura, kuma yawancin waɗanda aka fara yi wa, kafin wata uku an kwance su. Abin da ake buƙata kawai sunansa ya shiga layi. Ranar ta cike takardar, ta kai asibiti da ƙafarta, ta dawo tana mamakin abin da ya gagari mutum shida.

*

A wata na biyu aka liƙa sanarwa a allon sashensu na jami'a. Wata ƙungiyar kare haƙƙin masu taɓin hankali a ƙasar waje tana neman ɗalibai uku su yi shekara guda a wurinta. Ana son takardun makaranta, da wasiƙar malami, da rubutu mai shafi biyu a kan wani rashin adalci da mutum ya gani da idonsa.

Ba ta sha wahalar neman abin rubutawa ba. Ta sa taku huɗun, ta sa tsumman, ta sa kujerar. Ta kai wa tsohuwar takardar amincewa, ta karanta mata, tsohuwar ta dangwala yatsa ba tare da ta bari an kai ƙarshe ba. Ta ce ta uku ma ta kawo irinta, har da hoto ta ɗauka.

Duk Laraba ɗalibar take zuwa gidan. Takan zauna a kujerar ta tambayi yadda aka kwana, tsohuwar tana guga, don wanki da guga take yi wa maƙwabta. Babu mai leƙowa. Matan da ke kawo kaya a bakin ƙofa suke ajiyewa, su kira ta daga nesa. Wata Laraba Kafinta ya tambayi ɗalibar ko tana da ƙusa inci biyu. Ta ce babu. Ya ce to, ya juya wa bango fuska.

Da saƙon ya iso cewa an ɗauke ta, tana zaune ita kaɗai a ɗakinta na makaranta. Ta karanta sau uku, ta duba wayarta ta rasa wanda za ta kira sai yayanta, direban babbar mota. Yana kan hanya, ƙarar inji na cinye rabin maganarsa. Ya ce ashe autarsu za ta hau jirgi kafin shi ya canza taya, kuma kada ta dawo tana ce masa ba ta jin Hausa.

*

Cikin takardun da aka nema akwai ta sallama daga ofishin walwala. Ba a bayar da ita sai ɗalibi ya rufe duk fayil ɗin da ke hannunsa. Goma ba su ba ta wahala ba. Kafin ta taɓa na goma sha ɗaya ta tafi asibiti ta ga inda layi ya kai.

Magatakardar, wata mace mai tabarau a kan goshi, ta bi allon kwamfuta da yatsa. Na tara ne, in ji ta, sati shida ko bakwai ke nan. Sai ta sake duban sunan ta yi 'yar dariya.

"Wannan ai ɗan gida ne. Zuwansa na bakwai ke nan. Akwai shekarar da ya kai na uku."

Ta yi mata bayani tana neman wani abu a aljihun tebur. Layin wata takwas yake ci. Sunan da ke kan layin dole ya kasance da buɗaɗɗen fayil da ma'aikacin da zai raka ayarin ranar farko. Da an rufe fayil suna ya fita da kansa, in an buɗe sabo ya koma ƙarshe. Su kuwa ɗalibai wata shida suke yi. Ta ce ta taɓa faɗa a wani taro, aka ce an ji.

Da ɗalibar ta koma ofis ta buɗe kabad ɗin ƙarfe na bayan ƙofa. Tsofaffin fayilolin Kafinta suna can ƙasa, guda shida, an ɗaure su da zare ɗaya. Rubutun hannu shida daban-daban, amsoshi iri ɗaya, illa shekarunsa da ke ƙaruwa. A bangon kowanne an buga hatimi da jan tawada: AN MIƘA. Sashen bibiya ake miƙa wa, wato ɗakin ƙarshen baranda, wanda tun zuwanta kwaɗo ne a ƙofarsa. Mai ɗakin ya yi ritaya, ba a kawo wani ba.

Shugaban ofishin ya saurare ta har ta gama, yana ɗiga magani a idonsa. Ba mugu ba ne, shi ya sa maganar ta fi wuya. Ma'aikatan dindindin su biyu ne, ya ce, kowannensu ya wuce adadin da doka ta yarda ya riƙe, kwamfuta ba za ta karɓi ƙarin ko ɗaya ba, ya gwada. Hanya ɗaya ce: kada ta karɓi sallama. Muddin ba ta karɓa ba fayil yana nan da sunanta, ta zauna sati bakwai ta raka ayarin, sannan ta tafi inda za ta.

Jirginta saura kwana goma sha takwas.

Ta rubuta wa ƙungiyar tana roƙon a ɗaga mata. Amsar ta zo washegari, cike da ladabi. Sun yaba da kishinta, irin abin da suke nema ke nan. Sai dai ranar farawa ba ta motsi, kuma akwai mutum goma sha ɗaya da ke jiran gurbin. Suna son ji daga gare ta kafin Juma'a.

Yayanta bai ga abin tunani ba. Ya ce ita ta ɗaure shi? Ta je ta koyo aikin, ta dawo da babban muƙami ta gyara layin gaba ɗaya, ba mutum ɗaya ba. Maganar ta zauna mata, har ta maimaita wa shugaban ofis ranar Alhamis, da kalmominta.

"Haka ne," ya ce, ya tura mata hatimin. "Ta biyu ma haka ta ce. Tana aiko min da kati duk shekara."

Tawadar ta bushe, sai da ta danna sau biyu.

*

Ta shirya abin da za ta faɗa wa tsohuwar tun daga tasha. Za ta faɗi wata takwas da wata shida, za ta faɗi cewa na tara ne, za ta ce ita ta buga hatimin da hannunta. Tsohuwar ta dubi ƙafarta tun daga bakin ƙofa.

"Sallama aka zo. Duk da takalmin fita kuke zuwa ranar ƙarshe."

Ta share kujerar da gefen zaninta, ta tambayi ƙasar da za a je, ko akwai sanyi, ko akwai wanda zai tare ta. Ta yi mata addu'a mai tsawo, ta gaske. Ɗalibar ta buɗe baki ta ce akwai maganar layin asibiti, tsohuwar ta ce ai ta sani, ana kan bibiya, komai da lokacinsa. Ta ɗauki dutsen guga ta gwada zafinsa da yatsa. Maganar da aka shirya tun daga tasha ta tsaya a nan.

"Abu ɗaya zan roƙe ki, 'yar nan. Tambayar nan ta bayan shafi, ta ranar da aka fara ɗaure shi. Ki rubuta wa mai zuwa ta karanta abinta. Yana ji in ina faɗa."

Ta ce za ta rubuta. Ba ta ce mata fayil ɗin ya riga ya shiga cikin zare ba.

Da ta miƙe, Kafinta ya zo iyakar sarƙarsa, ya miƙa hannu ya jawo kujerar, ya kifa ta, ya girgiza ƙafar baya ta hagu. Ya ce har yanzu ba a kawo gam ɗin ba.

*

A wata na huɗu da zuwanta ƙasar wajen aka sa ta karanta rubutunta a wani ƙaramin taro. Mutum arba'in ne a zauren. Da ta kai wurin taku huɗu wata mata ta cire tabarau ta share ido. An tafa mata, wani ya ce labarin nan ya kamata duniya ta ji.

Ta koma ɗakinta da rana tsaka, ɗaki mai taga ɗaya da ke kallon bangon wani gini. Akwai saƙon murya daga lambar da ba ta sani ba. Wata ɗaliba ce daga sashensu, tana magana ƙasa-ƙasa, da ɗoki. An ba ta wani fayil mai sauƙi, ta ce, suna kawai za a sa a layi. Tsohuwar gidan ce ta ce ta gaishe da ta bakwai. Kuma don Allah, tunda ta riga ta, ko za ta turo mata yadda ake rubutun neman gurbin nan, an sake liƙa sanarwa.

Yarinyar ta manta ba ta tsayar da ɗaukar ba. Aka ji jan kujera, aka ji ƙarfe ya gogi siminti. Sannan muryar tsohuwar, ba sauri ba nawa, tana cewa shekarunsa talatin da tara, kafinta ne.

Saura minti uku da wani abu a saƙon. Ta ajiye wayar a kan tebur, ta bar ta tana magana.