Jinin da Ya Kwanta

Marin ya sauka kafin matar direban ta ajiye robar ruwan. Robar ta kife, ruwan ya malale ƙarƙashin gadon asibitin.

"Muguwa! Kashe shi za ki yi?" Yayar mijinta ce, ta ɗage rigar ƙanin nata tana nuna wa duk ɗakin. Daga haƙarƙari zuwa ƙugu jini ya kwanta, baƙi ƙirin. "Kin ga ba ya iya ɗaga hannu, shi ne kike jibgarsa?"

Kwana tara ke nan direban na kwance, cutar numfashin da ake fama da ita ta kama masa huhu, robar oksijin a hanci. Safe da yamma ana yi masa allurar tsinka jini, don kada ya daskare ya toshe jijiya. Matar ke juya shi, ita ke goge shi. Sannu ma ba ta samu ba.

Yayar ta shaƙe ta, ta gwara kanta da ƙarfen gado. Leɓe ya fashe. Masu jinya suka yo caa, wannan na salati, waccan na ihun a kira mai gadi. Matar kuwa idonta na kan cikin mijin. Da safe faɗin tafin hannu ne wurin, yanzu ya zagaya har baya. Ga gumi, ga leɓensa ya yi fari fat.

Ta fizge, ta hankaɗe yayar kan keken magani, kwalabe suka tarwatse. Ta sha gaban nas ɗin da ta shigo riƙe da sirinjin allurar tsinka jinin.

"Sista, don Allah kar ki yi masa! Jini ke zuba a cikinsa."

Nas ta danna gefen cikin, direban ya saki ƙara. Ta jefar da sirinjin a tire, ta ƙwala wa likita kira. Nan da nan aka tura gadon, ana cigiyar jini leda biyu.

Yayar ta miƙe tana haki. "Ke likita ce? Ya aka yi kika gane?"

"Na duka ba ya tafiya, Yaya. Inda aka buga yake tsayawa, kwana uku ya fara washewa."

"Wa ya gaya miki?"

Matar ta goge jinin bakinta da bayan hannu.

"Ƙaninki. Shekara goma sha ɗaya yana koya mini."

Ta sunkuya ta ɗauki silifas ɗinsa, ta bi bayan gadon.