Waƙar Kawu a Shagon Aski

Mai aski ya ɗora bidiyon sabon aski a wata manhajar sada zumunta, sai manhajar ta toshe sautin, wai waƙar da ke tashi a rediyon shagon tana da mai ita. Ya yi ta mita yana kaɗe tawul.

Kawunsa, da ke jiran gyaran gemu, ya ce, "Kashe rediyon, ɗana. Ni zan rera maka."

Kawu ya daddage ya saki murya, har wanda ake wa askin ya runtse ido. Mai aski ya ɗauki sabon bidiyo da waƙar Kawu a ciki, ya ɗora.

Kwana uku bidiyon na yawo ba a taɓa shi ba. Kawu ya dawo yana hura hanci.

Mai aski ya danne dariya ya ce, "Ai Kawu, wannan ko roƙon mutum aka yi ba zai ce tasa ce ba."