Allurar Alli

A duk garin babu gidan da ba a rataye aikin Mai Hoto ba, sai gidansa. Tela yana da hotonsa riƙe da almakashi, direban motar kasuwa ya ɗora ƙafa a kan kujera kamar shi ya ƙera ta, har mai gyaran keke an ɗauke shi da aron kwat. Matar Mai Hoto kuwa, da take share shagon tun tana amarya, ko inuwarta ba ta taɓa hawa gilashin hoto ba. In ta yi ƙorafi, amsarsa ɗaya ce.

"Ke da kullum nake ganinki? Hoto ai na mai tafiya ne."

Shi ma kansa ba shi da ko ɗaya. Da wannan take lallashin zuciyarta.

Shagon a gaban gidan yake, ƙofa ɗaya ta buɗe titi, ɗaya ta shiga tsakar gida. A ciki akwai labule da aka zana wa bene da fitilun titi irin waɗanda garin bai taɓa gani ba, da kujera mai hannu, da tebur mai furen takarda, sai akwatin hoto a kan ƙafafunsa uku, baƙin ƙyalle na rataye a bayansa. Ita ta ɗinka ƙyallen da hannunta a shekarar aurensu, ta ninka shi biyu don kada haske ya ratsa. A lokacin siririya ce, ga baki mai suka, shi ya sa yake kiranta Allura. Da 'yarsu ta zo sunan ya faɗi, ta koma Maman Yarinya, kuma a haka ta tsaya har yarinyar ta yi aure ta bar garin.

Aikinsa ta san shi kamar tafin hannunta, amma daga waje. Zai zaunar da mutum, ya cusa kai cikin ƙyallen, hannu ɗaya a waje yana nuni, a ɗaga haɓa, a sauke kafaɗa, a daina zare ido kamar an ga maciji. Sai ya fito ya zura gidan gilashi, wato siririn akwatin katako mai murfin ja wanda gilashin ɗaukar yake ciki. Ya ce a riƙe numfashi, ya cire murfin idon akwatin, ya mayar. Gilashin da aka ɗauka ba a wanke ba, in haske ya taɓa shi ya mutu ke nan, wannan ko kajin gidan sun sani. Kuma ba ya rubuta suna. Da alli yake zana alamar wanda za a ba hoton a jikin gidan gilashin, almakashi na tela, taya na direba, wuƙa ta mahauci.

Abu ɗaya ne bai taɓa yarda ba, wani ya sa kai cikin ƙyallen nan. Ta roƙa tana amarya, ta roƙa da goyo a baya. Ya ce duniya a kife take a ciki, jiri zai kwashe ta ta tunkuɗe masa abin cin abinci. Ta yi fushi ta huce. Tun da ba a bar kowa ba, ba a ware ta ba.

Sai aka kawo sabuwar ma'aikaciya ƙaramin asibitin garin, doguwa mai farin kaya da agogo a ƙirji. Kafin wata ya mutu kowa na kiranta Mai Allura. Ta zo aka ɗauke ta kamar kowa, amma matar Mai Hoto ta lura da yadda ya zauna a bakin taga da fensir mai tsini yana gyaran gilashinta, yana cire mata wani ɗan ƙurji a goshi kamar mai yi wa jariri wanka. Da ya gama ya sa hoton a akwatin nuni na bakin ƙofa, a sama, inda na shugaban makaranta yake a da. Ya ce haske ne ya zauna mata daidai, abin talla ne. Matar ta ce ai haske ma ya san inda yake zama.

Matar mai aski, maƙwabciyarta, ita ta fara kawo labarin. Ta leƙo ta katanga tana shanya, ta ce wai hoto nawa mutum ɗaya yake bukata ne, don ita dai ta ga farin kaya na shiga shagon nan ba sau ɗaya ba, kuma da an shiga ake tura ƙofar titi. Ta ƙara da cewa ko fuskar ce take canzawa kowane mako. Matar Mai Hoto ta yi dariya, ta ce mata ta ji da nata mijin da yake shafa kan mazan gari duka. Amma da ta koma ɗaki, ta rasa abin da ta shiga ɗauka.

A lokacin Mai Hoto yana tari, wuyansa ya fara yawo a cikin riga. Ya ce warin maganin wankin hoto ne ya kama masa ƙirji, kuma ma maganin ya ƙare, kafin a kawo wani zai huta. Ita kuwa ramar ma sai ta ba ta wata fassara. Ta ga ya fara aske gemu ba ranarsa ba. Ta ga ya tambayi farar rigar nan da ta ɗinka masa, wadda ya ce ta yi masa kyau da yawa ba ta aiki ba ce.

Ran nan da hantsi ta ɗauko masa ruwa, ta iso ƙofar ciki, sai ta ji dariyar mace. Ta tsaya, ta ɗan janye labulen ƙofar da yatsa. Shi ne zaune a kujerar baƙi, cikin farar rigar, ya ɗora hannu kusa da furen takarda. A bayan akwatin kuma farin kaya ne a sunkuye, kai da kafaɗu duk a cikin baƙin ƙyallen da ta ɗinka.

"Malam, ga ka nan ƙafa a sama," in ji muryar daga ciki. "Ashe haka kake ganinmu duk garin nan?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya koya mata inda za ta murɗa, da yadda za ta cire murfin ba tare da ta girgiza akwatin ba, a hankali, da irin haƙurin da matarsa ba ta san yana da shi ba. Da an ce ta tarar da su riƙe da hannun juna da zai fi mata sauƙi. Ta koma da ruwan, ta zuba wa kaji.

Da rana ya ce jikinsa ba daɗi, ya shiga ya kwanta. Ta shiga shagon da tsintsiya a hannu. Gidan gilashi ɗaya ne kawai a kan shiryayye a ɓangaren waɗanda ba a wanke ba. Ta juya shi. Allura ce zane da alli, doguwa, da wani layi da ya lanƙwasa a bayanta, wanda ta ɗauka hannunsa ne ya goce. Wato hotonsa na farko a duniya, a rigar da ta ɗinka, kuma ga alamar wadda za a ba. Ita da ta tsufa a gidan za ta riƙa jin labari wai hoton mijinta yana kan teburin wata.

Ta fito da shi tsakar gida, inda rana ta fi ƙarfi, kusa da igiyar shanya. Ta ja murfin. Ba ta ga komai ba sai gilashi fari-fari kamar an shafa masa madara, babu fuska babu riga. Ta riƙe shi ga rana har hannunta ya gaji, sannan ta rufe, ta mayar inda yake, allurar na kallon waje yadda ta same ta. Ta share shagon tas. Ranar har waƙa ta yi a wurin girki.

Bai ƙara buɗe shagon ba. Kwanciyar ta zama ta gaske, kuma Mai Allura ta fara shigowa ta ƙofar gida da jakarta, a gaban kowa. A nan matar ta ji cewa an daɗe ana yi masa allura a shago, shi ya ce a ɓoye, kada gari ya ce hannun Mai Hoto ya fara rawa, kada kuma Maman Yarinya ta tashi hankalinta. Ta ji, ta gode, ta kawo kujera. Amma a ranta ta ce allura daban, hoto daban. Ba a sa farar riga don a yi allura.

Ta yi jinyarsa ba ta gaza ba, ta juya shi, ta goge shi, ta tallafe kansa yana shan ruwa. Sau biyu ya ce kada kowa ya taɓa abin da ke kan shiryayye, akwai saƙo a ciki, in an kawo magani zai tashi ya wanke da kansa. Ta ce to, saƙo yana nan yana jiran mai shi.

Wata safiya tana ninke kaya a gefen gadon, ya buɗe ido ya ce a hankali, "Allura."

"Yanzu zan kira maka ita," ta ce.

Ya girgiza kai, ya motsa yatsu a kan zanen gado. Ba ta tsaya ba, ta yafa mayafi ta fita, tana tafe tana cizon leɓe, wato ko a wannan halin sunan da ke bakinsa ke nan. Mai Allura ta zo da sauri, ta duba agogon ƙirjinta, ta ce ai lokacin allura bai yi ba. Shi dai ya dubi matarsa a bakin ƙofa, ya daɗe yana dubanta, sannan ya rufe ido. Bai kai ƙarshen makon ba.

Bayan mutane sun ragu, 'yarsu ta koma gidanta, Mai Allura ta dawo gaisuwa ita kaɗai, ba farin kaya. Ta zauna a bakin tabarma, ta ce akwai abin da ta ɗauka wa marigayin alkawari, in bai samu ya wanke hoton nan nasa ba ita za ta kai birni a wanke. Ta ce tun ranar da likita ya gaya masa gaskiya ya dame ta sai ta ɗauke shi, wai zai yi tafiya kuma matarsa ba ta da ko ɗaya.

"Ai naki ne," in ji matar. "Na ga alamarki a jiki."

"Tawa? Yaya, ni ma na tambaya da na ga yana zanawa. Ya ce in duba da kyau, tawa ba ta da zare."

Matar ta tashi, ta buɗe ƙofar shagon, ta ɗauko gidan gilashin ta kawo bakin taga. Allurar tana da ido, ɗan ƙarami, kuma layin nan ta cikinsa ya bi, ya lanƙwasa, ya ƙare da ƙulli. Irin ƙullin da take yi, mai ninki biyu.

Mai Allura ta biyo ta, ta miƙa hannu, ta ce motar gobe za ta bi da shi, a naɗe shi da kyau kada haske ya shiga.

"Rana ta riga ta gan shi," in ji matar.

Ɗayar ta dube ta, ta dubi murfin, ta sauke hannunta. Ba ta tambayi yadda aka yi ba.

Akwatin yana nan a kan ƙafafunsa, yana fuskantar kujera yadda aka bar shi. Matar ta je ta cire murfin idon kamar yadda ta ga ana yi shekara da shekaru, ta ɗaga ƙyallen, ta sa kai. Ciki ƙamshin man gashinsa ne. A kan ɗan gilashin da ke gabanta ga benen labule a kife, ga furen takarda yana reto, ga kujera ƙafafu a sama, babu kowa a kai. Jiri bai kwashe ta ba.

Ta daɗe a ciki. Ta san mutum ɗaya ce a duniya ta taɓa ganinsa a nan, kuma tana tsaye a bayanta, da idanunta biyu da komai a cikinsu. Kishin ya taso mata sabo fil, kamar ranar da ta leƙa ta labule. Amma babu wani wurin da za ta tambaya.

"Ke da kika gani," ta ce daga cikin ƙyallen, "yaya ya zauna?"

Mai Allura ta fara. Ta ce ya yi ta gyara wuyan rigar, wai in ya karkace zai sha baki. Ta ce hannun hagu ya ɗora a tebur don shi ne ba ya rawa. Ta ce ya manta har ya ce mata ta riƙe numfashi, ita da ba ita ake ɗauka ba.

"Haɓarsa fa? Ya ɗaga?"

"Ya ɗaga kaɗan."

"Ya yi murmushi?"

"Ban tuna ba, Yaya."

"Ki tuna," in ji matar, ba ta fito da kanta ba. "Ki zauna ki tuna, babu inda za ki."